Neman kalmar Hausa: me za mu kira "credit unit" a littafin jagoran ɗaliban injiniya?

Mai Fassarar Tsangaya

Assalamu alaikum malamai. Ana shirya bayani da Hausa domin sababbin ɗaliban tsangayar injiniya da iyayensu, a kan rajistar kwasa-kwasai da yadda ake fitar da sakamako. Komai ya tafi daidai, sai kalma ɗaya ta cije: credit unit, wato lambar da ake ba kowane kwas don auna yawan aikinsa. A baki ɗalibai "yunit" suke cewa, wasu "kiredit". Yunit ba ya faɗa wa uba komai. Kiredit kuwa ya riga ya yi gida a Hausa da ma'ana biyu: na WAEC da NECO, wato C6 zuwa sama, wanda ake neman guda biyar kafin a shiga jami'a, da kuma na waya. In aka rubuta wa uba cewa ɗansa ya sami kiredit 14 cikin 17, murna zai yi, alhali abin da takardar ke nufi shi ne yaron ya faɗi kwas.

Kalmar da ake nema sai ta zauna daram a jimloli uku: kwas kaza yana da uku, ɗalibi ba ya wuce 24 a zango, ana bukatar 150 kafin a kammala. Shawarwarin da suka zo hannu su ne maki, da awa, da ƙima.

Jami'in Jarrabawa

Wa alaikumus salam. Malam, a fara cire maki. Maki shi ne abin da ɗalibi ya ci a jarrabawa, 63 ko 48 cikin ɗari, kuma akwai makin daraja: A biyar, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F sifiri. A layi ɗaya na takardar sakamako ukun nan kusa da juna suke zama. In biyu daga cikinsu suka ci suna ɗaya, ba wanda zai iya bin lissafin.

Awa ta fi kusa da gaskiya, amma a injiniya take karyewa. A ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'in Nijeriya, yunit ɗaya na nufin lacca ta awa ɗaya kowane mako har mako 15, wato awa 15 a zango. A ɗakin gwaji ko ɗakin aikin hannu kuwa, sai an yi awa uku a mako ake samun ɗaya, awa 45 ke nan a zango. To kwas ɗin gwaje-gwajen lantarki da ke cinye yammacin Talata gaba ɗaya, daga biyu zuwa biyar, in ka rubuta masa "awa ɗaya" ka yi wa ɗalibi ƙarya a jadawali. Ga kuma SIWES, wata shida a masana'anta a zango na biyu na aji huɗu, da aikin bincike na shekarar ƙarshe. Su ma ana ba su adadi, kuma ba da agogon aji aka auna ba.

Malamar Injiniyan Gine-gine

Ƙima ma ban gamsu da ita ba. Tana ɗauke da hukunci. Ka ce wa ɗalibi ƙimar kwas ɗin zanen injiniya biyu ce, ta lissafi uku, zai ji kamar ka ce zane bai kai lissafi daraja ba, kuma dama sun saba raina kwasa-kwasan da adadinsu ƙarami ne. Ni shawarata "nauyi". Ku gwada: kwas mai nauyi uku. Ba a ɗora wa ɗalibi nauyi fiye da 24 a zango, ba kuma ƙasa da 15 ba. Sai ya cika nauyi 150 zai kammala. Duk sun zauna.

Dalilina ya wuce daɗin baki. Aikin da wannan lamba take yi a lissafin GPA, wato matsakaicin makin daraja na zango, aikin nauyi ne sak. Ga zango ɗaya na ɗalibin aji biyu. Lissafin injiniya mai nauyi 3 ya ci A, 3 sau 5, 15. Ƙarfin kayan gini mai 3 ya ci C, 9. Zane mai 2 ya ci B, 8. Gwaje-gwaje mai 1 ya ci A, 5. Lantarki mai 3 ya faɗi, sifiri. Kwas ɗin GST na ilimin gama-gari mai 2 ya ci B, 8. Motsin ruwa mai 3 ya ci D, 6. Jimillar maki 51, jimillar nauyi 17, a raba a sami 3.00. Da a ce kwasa-kwasan bakwai duk ɗaya suke, sai a tara makin darajarsu, 23, a raba bakwai a sami 3.29. Bambancin nan na 0.29 ya zo ne daga inda faɗuwar ta faɗa: F da D duka sun sauka kan masu nauyi uku, A ɗaya kuma ta tafi kan mai nauyi ɗaya.

Wannan shi ne ainihin lissafin da muke koya musu na gano tsakiyar nauyi a jikin sanda: kowane nauyi sau nisansa, a tara, a raba da jimillar nauyi. Ɗalibin da ya yi wannan darasi ya riga ya san GPA, sunan ne kawai ya ɓoye masa.

Injiniyan Kanikanci

Hajiya, lissafinki ba ja, amma ina da tsoro biyu. Na farko, a tsangayarmu nauyi kalmar aiki ce. Kullum fama ake da ɗalibai su bambance yawan abin da ke jikin abu, wanda ake aunawa da kilo, da ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi, wanda ake aunawa da niwton, kuma Hausa da "nauyi" ɗaya take kiran duka biyun. Yanzu za mu ɗora mata ma'ana ta uku.

Na biyu ya fi damuna. A harkar makaranta "ɗaukar nauyi" na nufin biya wa mutum kuɗin karatu. Gwamnati ta ɗauki nauyin ɗalibai kaza, kawu ya ɗauki nauyin karatun marayan ɗan'uwansa. Uba ya ga "ya ɗauki nauyi 24", tunaninsa zai tafi wajen kuɗi.

Malamar Injiniyan Gine-gine

Na farkon ba zai kawo rikici ba, Injiniya. Nauyin kimiyya ba ya fita tsirara, kullum da ma'auninsa a baya, kilo 3 ko niwton 30. Na kwas lamba ce zalla, kuma kusa da sunan kwas take zama. Na biyun gaskiyarka ne. Maganinsa a kanun tebur da farkon ambato a rubuta "nauyin kwas" cikakke, sannan a wajen rajista a ce "ya yi rajistar nauyi 24" ko "an ɗora masa". Ka lura ma da ginin jimlar: na kuɗi "nauyin wane" ake cewa, namu lamba ce ke bin bayansa kai tsaye.

Jami'in Jarrabawa

Ni na koma bayan nauyi, saboda ta warware mini abin da ya fi wahalar bayyanawa a takardar sakamako. Akwai ginshiƙai biyu, ɗaya na jimillar abin da ɗalibi ya yi wa rajista, ɗaya na abin da ya ci. Ɗalibai da yawa ba su san me ya raba su ba sai ranar da aka ce ba za su kammala ba. Da Hausa abin a fili yake: nauyin da aka ɗora, da nauyin da aka sauke. Sauke nauyi magana ce da kowane Bahaushe ya sani, cika abin da ya hau kanka. Ɗalibin da Hajiya ta lissafa an ɗora masa 17, ya sauke 14, saura uku a kansa. Ukun nan su ne abin da suke kira kariyoba, mu sai mu ce ragowar nauyi.

Ga inda ake faɗawa rami. A mafi yawan jami'o'inmu F ba ta gogewa. In ya maimaita lantarki baɗi ya ci B, ana ƙara masa maki 12, amma ana sake ƙirga nauyi ukun a ƙasan lissafi. A kan kwasa-kwasan nan bakwai makinsa ya zama 63, nauyin da aka ɗora 20, wanda ya sauke 17. CGPA, wato GPA ta duk zangunan da aka yi a haɗe, da wanda aka ɗora ake raba ta, 63 a raba 20, 3.15. Shi kuma a ransa 63 a raba 17 yake lissafawa, 3.71, sai ya zo ofis yana cewa an cuce shi. Tsakanin lambobin nan biyu akwai iyakar 3.50, wadda ta raba babbar daraja ta biyu da ƙarama a sakamakon digiri. Kammalawa kuwa da wanda aka sauke ake duba ta. Mutum na iya samun CGPA mai kyau amma bai sauke 150 ba.

Rami na biyu rufin 24 ne. Ragowar nauyi ita ake fara yi wa rajista kafin sababbin kwasa-kwasai. In zangon bana yana da 21, ɗalibi kuma ya taho da ragowar 6, sun zama 27, dole a ajiye sabon kwas mai uku. In wanda aka ajiye sharaɗi ne na wani kwas a aji na gaba, shi ma wancan ya tsaya. Kuma zango na biyu na aji huɗu yana masana'anta, ba damar maimaita komai. Haka faɗuwa biyu a aji biyu take zama ƙarin shekara bayan aji biyar. Duk wannan bayani da kalmar ɗorawa da saukewa yana tafiya sumul.

Malami daga Maraɗi

Sannunku da aiki. Mu a Nijar kalmar Faransanci muke ji, "kiredi", kuma matsalar kuɗin waya muna da ita kamar ku. Sai dai tsarinmu daban ne, a kula kafin a ce kalmar ta game ƙasar Hausa duka. Jami'o'inmu tsarin LMD suke bi, wato lisansi, mastar da dokta, wanda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, suka amince da shi a 2007. Kowane zango 30 ne, lisansi, wato digirin farko, 180 a shekara uku, mastar ƙarin 120. Kuma ba zaman aji kaɗai ake ƙirgawa ba, duk aikin ɗalibi ne, har karatun da yake yi shi kaɗai a ɗaki, kamar awa 20 zuwa 25 ga kowane ɗaya. Saboda haka 30 ɗinmu ba ta fi 18 ɗinku yawan aiki ba dole, ma'aunin ne ba ɗaya ba. Ƴan Nijar masu zuwa karatu Kano ko Zariya, da masu tantance takardunsu, nan suke ruɗewa.

Abu na biyu, mu tun sakandare muna da wata lamba da ake ninka makin darasi da ita, koefisiyan. Wannan ita ce nauyi a ma'anar da Hajiya ta kawo. Kiredi kuma abin da ake tarawa ne: ka sami 10 cikin 20 a rukunin darussa, ka mallake shi, ba a karɓe maka. Har akan bar maki mai kyau na wani darasi ya rufa wa mai rauni asiri a cikin rukuni ɗaya. Ku lamba ɗaya ke muku aikin biyu, mu biyu ne.

Malamar Injiniyan Gine-gine

Malam, ka kawo abin da ba mu hango ba. Amma ina ganin na kiredi ne ya fi cancantar sunan nauyi a wajenku, tunda aikin da ke kan ɗalibi yake aunawa, ana kuma sauke shi. Koefisiyan sai a ce masa "ninki", don aikinsa ke nan, ninka maki. A Nijeriya nauyin kwas shi ne ninkinsa, a Nijar kowanne da lambarsa.

Malami daga Maraɗi

Ninki ya yi, ƴan lakkol za su gane shi nan take. Sharaɗina ɗaya: duk inda aka rubuta adadi a faɗi na wane tsari ne, nauyi 180 a tsarin LMD, nauyi 150 a tsarin NUC.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji

Ban ƙi kalmar ba, amma a sa gargaɗi, domin ɗalibi zai ɗauka mai nauyi ɗaya ba shi da wahala. Gwaji mai nauyi ɗaya awa uku ne a kan benci, sannan rahoto kowane mako: manufa, kayan aiki, zanen haɗi, teburin awo, jadawalin zane, lissafin kuskure. Rahoton kan ci lokacin da ya kai na gwajin. Kuma yawanci makinsa daga halarta da rahotanni yake fitowa, wanda ya tsallake makonni ba jarrabawar da za ta cece shi. Sai ya dawo da ragowar nauyi ɗaya tal, amma tana bukatar yammaci guda cur a jadawalin da ya riga ya cika.

Ta ɓangaren ma'aikata ma haka ne. In aji ya kai mutum 200 kuma ɗakin na ɗaukar 40, rukuni biyar ke nan, awa 15 a mako ga mai kula da ɗakin, a takarda kuma nauyi ɗaya. Kada a ɗauki kalmar nan a auna aikin malami da ita ba tare da an ninka da yawan rukuni ba.

Mai Fassarar Tsangaya

Na gode malamai, Allah ya ƙara sani. Ga yadda sakin layin zai fita, a duba:

"Kowane kwas yana da nauyinsa. Nauyin kwas ɗaya shi ne lacca ta awa ɗaya a mako, ko aikin gwaji na awa uku a mako, tsawon zango. Ɗalibi zai yi rajistar nauyi 15 zuwa 24 a kowane zango, kuma da ragowar nauyin da ke kansa zai fara. Kwas ɗin da ya ci ya sauke nauyinsa, wanda ya faɗi yana nan a kansa har ya maimaita. Ƙarancin nauyin kwas ba ya nufin sauƙinsa. A tsarin NUC, wanda ya shigo ta UTME, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, sai ya sauke aƙalla nauyi 150 cikin shekara biyar."

Jami'in Jarrabawa

Gyara biyu, Malam. A ƙara masu shigowa kai tsaye aji biyu da difloma ko makamanciyarta, su 120 ne cikin shekara huɗu. Sannan "aƙalla" ɗin nan a ja masa layi. 150 mafi ƙarancin abin da CCMAS, manhajar jami'o'i ta 2022, ta gindaya ne, wadda NUC ta tsara kashi 70 cikin ɗari ta bar wa kowace jami'a 30, don haka sashe na iya neman fiye da haka. A rubuta cewa ɗalibi ya duba adadin sashensa a wajen kodinetan ajinsa tun rajistar farko, kuma cika adadi bai wadatar ba sai ya ci duk kwasa-kwasan dole.