Neman kalma kafin Alhamis: "headland" da "limestone"

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara shirin rediyo da za a naɗa ranar Alhamis, a kan zagaya Great Orme da ƙafa, wato tsaunin da ya kutsa cikin teku a gefen garin Llandudno, arewacin Wales a Birtaniya. Tsayinsa mita 207, kuma duwatsunsa sun samu ne sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin da wurin yake ƙarƙashin teku mai ɗumi marar zurfi, shi ya sa mai tafiya ke ganin burbushin murjani da ƙwanson halittun ruwa a jikin dutsen. Kalmomi biyu sun hana ni sakat, "headland" da "limestone". Na fara rubuta "tsibiri", sai na goge.

Malamar Jogarafi: Gara da kika goge, domin tsibiri ruwa ne ya kewaye shi ta ko'ina, wannan kuwa da ƙafa ake shiga daga gari. Ki ce "zirin tsauni", tunda kunnen mai sauraro ya saba da zirin Koriya. Shi kuwa dutsen, "farar ƙasa" muke cewa a aji.

Tsohon Mai Gabatarwa: Malama, ziri yana kawo wa mutum hoton fili mai tsawo kamar Gaza, alhali abin da ake magana a kai dunƙulallen dutse ne mai gangare tsaye. Shekara da shekaru ina amfani da "hancin teku", kuma ba a taɓa rubuto wasiƙa an ce ba a gane ba.

Basakkwace: Ranka ya daɗe, hancin ai na ƙasa ne, teku kawai aka tsoma shi a ciki. In aka ce "hancin teku", Bahaushe zai ɗauka ruwa ne ya shigo tudu, kishiyar abin da ake nufi ke nan. Amma ni "farar ƙasa" ta fi damuna. Farar ƙasa ita ce ake kwaɓawa a shafe ɗaki, wannan kuwa dutse ne mai tauri, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina, a Ashaka da Malbaza domin yin siminti. Ki ce "dutsen siminti", kowa zai gane.

Malamar Jogarafi: Za a gane, amma an sa wa uba sunan jikansa, domin dutsen ya riga siminti zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Kuma abin da shirin ke son nunawa shi ne halin dutsen: ruwan sama yana da ɗan tsami, yana bi ta tsagogin dutsen yana narkar da shi a hankali, har samansa ya zama fale-fale masu ramuka a tsakani, ƙarƙashinsa kuma koguna. Idan ka ɗiga masa ruwan tsami mai ƙarfi sai ya yi kumfa. Kalmar siminti ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin wannan. Na yarda dai a ƙara "dutse", a ce "dutsen farar ƙasa".

Tsohon Mai Gabatarwa: A dawo kan hanci. Mun amince da "ƙahon Afirka" ba tare da gardama ba, to me ya sa hanci zai zama laifi? Su kansu masu wurin, ana cewa sunan Orme daga kalmar maciji ya fito a harshen mutanen Viking, tsofaffin mayaƙan teku na arewacin Turai, saboda yadda tsaunin ya yi kama da kan dodon ruwa. Kowa daga jiki yake aro.

Ɗan Maraɗi: Allah ya ja zamaninka, Baba, ƙahon Afirka ai fassara ce, kuma ƙahon na Afirka ne, ba a ce ƙahon teku ba. Ni abin da nake lura da shi shi ne, duk lokacin da ake neman kalma sai a yanke hukunci kamar Hausa a Kano kaɗai take. A wajenmu wanda ya yi boko da Faransanci "kalker" ya sani a matsayin sunan dutsen, ba wanda ya tambaye mu.

Basakkwace: Mu da dutsen yake ƙarƙashin gonakinmu ma ba a tambaye mu ba. Na Kalambaina shi ma a ƙasan teku ya samu, lokacin da ruwa ya ratsa ta inda Sahara take yanzu, sai dai bai kai na Wales tsufa ba ko kusa.

Mai Fassara: Malamai, don Allah a yi haƙuri, lokaci na ƙurewa, kuma ban ma kai ga ramukan haƙar tagulla na kusan shekara 4,000 da aka sake ganowa a 1987 ba, balle awakin tsaunin, 'yan asalin Kashmir, da suka sauko cikin gari lokacin kullen korona na 2020. Na ɗauki "dutsen farar ƙasa", kuma a ambaton farko zan ƙara da cewa shi ne ake yin siminti da shi. Shi kuwa tsaunin, zan ce "tsaunin da ya kutsa cikin teku" sau ɗaya, daga nan sai "zirin tsauni".

Basakkwace: Ba laifi, tunda siminti ya samu shiga, ko da ta bayan gida ne.

Tsohon Mai Gabatarwa: 'Yata, shirinki ne, ki yi yadda kika ga ya dace. Kalma shida kika kashe a inda biyu suka isa, kuma a rediyo daƙiƙa kuɗi ce. Ni dai in aka gayyace ni sharhi, hancin zan ce, sai dai na ji maganar Basakkwace, ƙila in mai da shi "hancin tsauni".