Gawar mutum ko ta alade: muhawara kan filin binciken gawa na jami'a

Malam Babba: Assalamu alaikum. Ni dai maganata ɗaya ce kan filin nan na Jami'ar Tenesi da ke Noksbil a Amurka, inda ake shimfiɗe gawarwakin mutane a bar su suna ruɓewa ana kallo ana rubutu. Wulaƙanta ɗan Adam ne, sunan ilimi kawai aka laƙaba masa. In ruɓewar nama ake son gani, ga dabbobi nan. Ingila ba ta da irin wannan fili, da alade suke gwajinsu, kuma ba mu ji 'yan sandansu sun daina kama masu kisa ba.

Yaya Likita: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kafin mu zo kan alade a duba abin da ya haifi filin. A ƙarshen 1977 aka kira William Bass, masanin ƙasusuwan mutane na jami'ar, ya duba wata gawa a kabarin da aka tona a garin Franklin. Ya ga nama da sauran ja a jikinsa, ya ce mutumin bai wuce shekara da mutuwa ba. Ashe Kanar William Shy ne, wanda aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864. Sinadarin hana ruɓewa da akwatin ƙarfe suka adana shi. Kuskuren shekara 113 ke nan, daga ƙwararren da jihar duka take dogara da shi. Abin da ya sa ya nemi fili ke nan, aka fara ajiye gawar farko a 1981.

Baffa: Shekara 113! Da 'yan sanda sun kama wani a kan wannan kisan, da ya ga ta kansa.

Malam Babba: Likita, labarinka bai taɓa maganata ba. Na yarda akwai jahilci a lokacin. Tambayata, me ya sa sai da gawar mutum za a kore shi?

Yaya Likita: Saboda an gwada, Malam. A wannan filin dai, ƙarƙashin jagorancin Dawnie Steadman, an jera mutum 15, alade 15 da zomo 15, aka raba su yanayi uku na shekara, aka fitar da sakamakon a 2016. Ba su tafi tare ba. Lokacin zafi alade ya riga mutum zama ƙashi. Lokacin sanyi da ƙudaje suka ɗauke ƙafa, namun daji masu cin mushe sun fi zuwa wa gawar mutum. Babban abin kuma shi ne aladu duk kusan tafiya ɗaya suke yi, amma mutane kowa da tasa: wannan mai ƙiba ne, wancan ciwon daji ya cinye shi, wani ya shekara yana shan magani. To in ka auna da alade ka je kotu ka ce mutum ya kwana goma da mutuwa, da me ka auna?

Anti Lauya: Yawwa, tunda ka kawo kotu, bari in shigo. Ni ba na bayan Malam, amma kai ma ƙanena kada ka cika baki. Wannan binciken da kake taƙama da shi takobi ne mai kaifi biyu. In har mutane ba sa ruɓewa iri ɗaya, to ko da gawar mutum ka yi gwajin, lissafinka kintace ne. Hanyar da aka fi sani ita ce a tara zafin kowace rana tun daga mutuwa, a haɗa da matakin da gawa ta kai. Amma tazarar da lissafin ke bayarwa takan yi faɗi ƙwarai, musamman in gawa ta daɗe. Lauyan da ya san aikinsa zai shiga ta wannan ƙofar ya fita da wanda yake karewa.

Yaya Likita: Anti, faɗin tazarar nan shi kansa riba ne. Da can gwani kan tsaya gaban alƙali ya yanke rana ɗaya da ƙarfin gwiwa. Yanzu ya san iyakarsa. Ga misali daga filin Jami'ar Jihar Teksas da ke San Marcos, eka 26 a gonar Freeman, wanda aka buɗe a 2008. An ajiye gawa ta yi fiye da wata ungulu ba su kula ta ba, ranar da suka sauka kuma cikin ɗan lokaci suka bar ƙwarangwal. Wanda bai san haka ba, in ya tarar da ƙasusuwa tas, zai ce an yi watanni. Wannan sanin yana iya kuɓutar da wanda aka ɗaure bisa kuskure.

Auta: Yaya, don Allah tambaya. In an gama a Tenesi, me ya sa Teksas ta sake buɗe nata? Ba ɓarnar gawa ba ke nan?

Yaya Likita: Ƙasa da iska ba ɗaya ba, Auta. Tenesi akwai laima da itatuwa. A Teksas rana takan busar da fata kafin ta ruɓe. Jihar Kolorado, da ita ma take da irin filin, tudu ce busasshiya. Shi ya sa Ostireliya ta buɗe nata kusa da Sidni a 2016, Holan ta buɗe a Amsterdam inda binne gawar suke yi a ƙasa, Kanada kuma tana da nata a Kebek saboda tsananin sanyi.

Malam Babba: Kun ga abin da nake gudu. Daga fili ɗaya an koma barbaza su a duniya. Ku bar lissafi ku amsa mini wannan: su waye a kwance a wurin? Ba marasa gata ba ne?

Anti Lauya: Nan kam Malam yana da gaskiya a tarihi. A shekarun farko akwai gawarwakin da ba wanda ya zo nema, ofisoshin binciken gawa na gwamnati suka miƙa su. A 1994 wani gidan talabijin na birnin Nashbil a Tenesi ya bankaɗo cewa har da tsofaffin sojoji a ciki, aka yi ta ƙorafi. Mutumin da ya mutu ba dangi bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ni a wurina wannan shi ne abin kunyar, ba ruɓewar ba.

Yaya Likita: Ban musa ba. Amma yau dubban mutane ne suka cike takarda da hannunsu tun suna raye. Ba a biyan ko sisi. Ba ma kowace gawa ake karɓa ba, mai tarin fuka ko ciwon hanta mai yaɗuwa ana mayar da ita saboda lafiyar ɗalibai. Wurin kewaye yake da katanga da waya, ba mai shiga kallo.

Baffa: Wato har a can ma sai an tantance ka. Duniya kenan.

Malam Babba: Baffa, ba abin dariya ba ne. Likita, yardar mutum ba ta halatta komai. Gawa tana da haƙƙin a suturta ta, kuma ba mamacin kaɗai ke da ita ba. 'Ya'yansa fa? Ina za su je su tsaya su ce nan mahaifinmu yake?

Yaya Likita: Wannan tambayar tana da nauyi, Allah ya gafarta Malam. A Tenesi ba a mayar wa iyali da ƙasusuwan. Ana wanke su, a yi musu lamba, a sa a kwali cikin taskar ƙasusuwa ta jami'ar, wadda ta haura mutum 1,500. Sai dai a nan ne amfanin ya fi yawa, ya fi na filin kansa. Tsofaffin taskoki irin ta Terry da ta Hamann-Todd galibi mutanen da aka haifa a ƙarni na 19 ne, talakawa marasa mai nema. Tsayin mutane da ƙirar jikinsu sun sauya tun lokacin. Da ƙasusuwan mutanen zamani ake koyon gane namiji ne ko mace, shekarunsa, tsayinsa, da bambancin karayar da ta faru yana raye da wadda ta zo bayan mutuwa. Ba wanda zai koyi wannan a ƙashin alade. Jami'an FBI ma can suke zuwa koyon tono kabarin ɓoye ba tare da lalata shaida ba.

Anti Lauya: Sai ka ƙara da cewa akasarin masu ba da gawar fararen fata ne tsofaffi. Ma'aunin da aka gina a kansu yakan yi tuntuɓe in an kawo ƙashin matashi ɗan Gwatamala.

Yaya Likita: Haka ne, kuma shi ya sa aikin Teksas ya burge ni. Tun 2013 malamai da ɗalibansu suke tono baƙin haure da ƙishi ya kashe a yankin Brooks na jihar Teksas, waɗanda aka binne ba suna, suna ƙoƙarin gano su waye don a mayar wa iyalansu. Malam ya yi maganar 'ya'yan da ba su da kabarin ziyarta. Ga uwa a wata ƙasa tana jiran labarin ɗanta, kuma ɗalibin da ya koyi aiki a kan gawar da aka bayar shi ne zai gano mata shi.

Malam Babba: Ka iya magana, Likita. Aikin alheri ne, Allah ya saka musu. Amma ƙashi suke dubawa, to a tsaya a ƙashin. Shanya mutum a rana ƙudaje na bi, wannan ban ga abin da zai wanke shi ba.

Auta: Anti, to in mutum bai bar wasiyya ba, iyalinsa za su iya bayar da shi?

Anti Lauya: A Amurka suna iyawa. Dokar ba da sassan jiki da aka tsara a 1968, wadda jihohi suka ɗauka, ta ba makusanci wannan ikon, miji ko mata a gaba, sannan manyan 'ya'ya, in dai mamacin bai nuna ƙin hakan ba. Ni a nan nake ja da su. Wanda ya sa hannu da kansa, ba ni da ta cewa. Amma iyalin da kuɗin jana'iza ya gagara suka miƙa gawa don jami'a ba ta cajin komai, ban san ko za a kira wannan kyauta ba.

Yaya Likita: To ai wannan ƙarar ba jami'a za a kai ba, Anti, masu tsadar jana'iza za a kai.

Anti Lauya: Duka biyun zan kai. Wanda ya karɓa ma ya san dalilin da ya sa aka kawo masa.