Firintata ta ƙi hawa sabuwar rauta, don Allah a taimaka

Malama Hadiza, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin kwamfuta a cikinmu, ku agaza min don Allah. Ina da firinta mai tankin tawada da nake buga wa ɗalibaina takardu a gida, kuma da tsohuwar rautarmu, wato na'urar raba Wi-Fi, lafiya lau take aiki ba kebul. Sai maigidan ya sayo sabuwa, wai mai hanya biyu, 2.4 da 5. Wayoyinmu da laftof da talabijin duk sun hau, ita kaɗai ta ƙi. In na sa mata kalmar sirri sai fitilar Wi-Fi ta yi ta ƙyaftawa, daga baya ta mutu. Ga jarrabawa ta matso. Firintar ce ta tsufa, ko akwai abin da za a taɓa?

Abban Nana, Lugbe:
Wa alaikumussalam Malama. Ki nemi kebul na USB ki jona da laftof ki huta. Ni tawa haka take tun da na saya.

Malama Hadiza:
Na gode Abban Nana, amma yawancin takardun ta WhatsApp ake turo min, daga waya nake bugawa.

Bashir mai gyara, Wuse:
Malama, firintarki ba ta tsufa ba. Irin wannan ƙorafin muke ji kullum a kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Banex. Yawancin firintocin gida, musamman masu sauƙin kuɗi, 2.4 kawai suke ji, ba su san da zaman 5 ba. Sababbin rautoci kuma suna zuwa da hanyoyin biyu a haɗe ƙarƙashin suna ɗaya, rautar ce ke zaɓa wa kowace na'ura inda za ta hau. Wayarki tana kan 5, manhajar firinta tana ƙoƙarin miƙa mata hanyar da wayar take kai, ita kuwa ba ta ganinta.

Ki juya rautar, akwai takarda a manne a ƙasanta da adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da sunan shiga da kalmar sirrinsa. Ki rubuta adireshin a burauza. A sashen Wi-Fi ki nemi abin da aka rubuta Smart Connect ko Band Steering, ki kashe shi. Za ki ga hanyoyin sun rabu biyu. Ki ba kowace sunanta, misali Gida24 da Gida5, sunan kada ya zama da alamomi ko tazara, wasu firintocin ba sa karanta su.

Kafin ki fita daga wurin, duba tsaron da ke kan 2.4. In WPA3 ne, mayar da shi WPA2 tare da AES. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci, don firinta za ta ga sunan, ta karɓi kalmar sirri daidai, amma ta ƙi shiga, mutum ya yi ta zargin yatsunsa. Bayan nan ki goge tsohon saitin intanet a jikin firintar, don har yanzu tsohuwar rauta take nema. Ki hau da wayarki kan Gida24, ki kunna Bluetooth da Location, wato mai nuna wurin da kike, sannan ki buɗe manhajar kamfanin firintar ki fara haɗawa daga farko.

Hajiya Rabi, Gwarinpa:
Ni dai maɓallin WPS, mai haɗa na'ura ba sai an rubuta kalmar sirri ba, na danna a jikin rauta, na danna na firinta cikin minti biyu, shi ke nan. Ba sai an shiga duk wannan ba.

Bashir mai gyara:
Haka ne Hajiya, in ya yi aiki ya fi sauri. Sai dai WPS ba ya tafiya da WPA3, kuma wasu rautocin a kashe yake zuwa. Wani abu kuma, in firintar ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, tashoshi 1 zuwa 11 kawai take gani. Rauta in ta zaɓi 12 ko 13 da kanta, sunan ma ba zai fito ba. A sa tashar a kan 1, 6 ko 11.

Malama Hadiza:
Alhamdulillah ta hau! WPA3 ɗin ne kuwa. Allah ya saka da alheri Malam Bashir. To yanzu dole wayata da laftof su zauna a Gida24 ke nan duk lokacin da zan buga?

Bashir mai gyara:
Amin Malama. A'a, ki mayar da su Gida5 abinki. Rauta ɗaya ce, ƙofofi ne biyu na shiga gida ɗaya, duk wanda ya shiga zai ga ɗan'uwansa. Abin da zai raba su kawai shi ne in kin sa ɗaya a hanyar baƙi, wato Guest, ko an kunna AP Isolation, saitin da ke hana na'urori ganin juna.

Usman, Kuje:
Ni tawa matsalar daban ce, ku yi haƙuri na shigo muku. Tana hawa, amma da an ɗauke wuta an dawo da ita sai laftof ya ce ba ya ganinta.

Bashir mai gyara:
Malam Usman, rautar ce ke ba ta sabon adireshi duk lokacin da ta tashi, laftof kuma yana neman ta a tsohon. Ka buga takardar bayanin haɗi daga firintar, za ka ga adireshin IP da lambar MAC, wato lambar shaidar firintar. Ka shiga rauta, sashen DHCP mai rabon adireshi, ka ɗaure wannan adireshin da lambar MAC ɗin, sannan ka cire firintar daga laftof ka sake ƙara ta. In ka ga adireshin ya fara da 169.254, ba ta samu komai daga rauta ba ke nan, firinta ta riga rauta tashi. Ka bari fitilun rauta su tsaya, sannan ka kunna firinta. Malama Hadiza, ke ma ki yi wannan ɗaurin tun yanzu kafin jarrabawar.