Tambaya: za a iya sauke bodin tsohuwar a-kori-kura a kan casis ɗinta irin na 'yan hot rod?

Dogon_Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin mota ku taimaka min da shawara kafin in yi ɓarna. Kwanan nan na kamu da kallon bidiyon tsofaffin motocin Amurka ɗin nan a YouTube da suke ce wa hot rod, musamman Ford ta 1932, za ka ga motar ta kwanta ƙasa sosai kamar kyanwa za ta kama ɓera amma tayoyin nan suna tsaye a waje ba madigadi ba komai. Da farko na ɗauka sifirin suke yankewa, sai na ga wani yana yanke ƙasan bodin gaba ɗaya da giranda ya zura bodin a kan casis kamar an kife kwano.

To a gidanmu akwai motoci biyu da suka mutu tun ina firamare, 504 ta Baba da kuma Datsun 620 a-kori-kura wadda da ake ɗaukar masara da ita daga Giwa, yanzu kaji ne ke ƙwai a ciki. Baba ya ce in ɗauki ɗaya in yi abin da zan yi da ita in dai ba sayar wa 'yan gwangwan zan yi ba. Wacce za ta yi wannan aikin? Kuma in an sauke ta za ta iya bin hanyar Samaru zuwa Kwangila da damina ko ko ado ce kawai ta ajiyewa a ƙofar gida?

Injiniya_Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Abin da ka gani sunansa canelin a wajensu, kuma ka lura da kyau, ba sifirin suke taɓawa ba. Casis da injin da giyabos da aksul duk suna nan inda kamfani ya ajiye su. Daɓen motar ake yankewa, a sauko da bodin ya rufe ƙarafan casis ɗin ta gefe, sai a sake walda daɓen a sama da inda yake da. Yawanci inci 4 zuwa 6 ake saukewa, wato kusan kaurin ƙarfen casis ɗin kenan don ya ɓuya. Kada ka haɗa shi da wanda ake yanke ginshiƙan rufi a rage tsayin gilas, wannan cofin ne, aikinsa daban, ko da yake wasu kan haɗa biyun a mota ɗaya.

Asalin abin tsere ne ba gayu ba. Samarin kudancin Kalifoniya tun wajen 1930 da wani abu suna kai tsofaffin Ford busassun tafkuna irin Muroc da El Mirage suna gwada gudu, har suka kafa ƙungiyarsu SCTA a 1937, daga baya a 1949 aka fara taron gudun nan na filin gishirin Bonneville a jihar Utah. Mota in ta rage tsayi iskar da take tunkara ta ragu, nauyin bodin ma ya dawo ƙasa, kuma aiki ne da talaka zai yi da zarto da walda ba sai ya sayi komai ba. Ita ta 1932 ɗin ta yi suna ne saboda a shekarar Ford ya fara sa injin V8 mai silinda takwas a motar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Wadda aka cire wa madigadi aka bar bodin a saman casis suna ce mata haiboi, wadda aka sauke kuma loboi.

Yanzu ga amsarka. 504 cire ta daga lissafi. Ba ta da casis daban, bodin da ƙashin motar abu ɗaya ne, in ka yanke daɓenta ka yanke kashin bayanta ne, ba abin da za ka sauke a kan komai. Datsun ɗin ce ke da casis mai kama da tsani, kan motar da bayanta duk da noti aka ɗaure su a kai, ita ce za ta yi.

Maganar hanya kuma nan ne mutane ke kuskure. Tunda ba ka taɓa sifirin ba, tazarar casis da fanan mai na injin daga ƙasa ba ta canza ba ko kaɗan, in dai ba ka sauke bodin ya wuce ƙasan casis ba to abin da ta saba hayewa za ta haye. Asarar a ciki take. Duk incin da ka sauke daga tsakanin kujera da rufi ka cire shi.

Baba_MaiWalda_Sabongari ya amsa:

Yaro, Injiniya ya gaya maka na takarda, bari in gaya maka na hannu. Ni ban taɓa ganin Ford ɗin da kuke faɗi da idona ba, amma shekara talatin da wani abu ina canza daɓen mota da tsatsa ta cinye, kuma aikin kusan ɗaya ne.

Kafin giranda ta taɓa daɓen nan ka ɗaure bodin daga ciki. Ka samo fayif mai kusurwa huɗu ka yi walda daga ginshiƙin ƙofa na dama zuwa na hagu, gaba da baya, sannan ka gicciya wasu biyu. Ƙofofin ka rufe su ka daidaita tazararsu tukuna, ka ɗan ɗiga musu walda su tsaya. Daɓen shi ke riƙe da bodi a murabba'i, kana cire shi bodin zai saki jiki.

Na koyi wannan da kuɗina. Ina sabon buɗe gareji wani bawan Allah ya kawo min a-kori-kura daɓenta ya ruɓe har kana ganin kwalta ta ƙasan ƙafarka, ni kuma da zumuɗi na sa wuta na zagaye shi tas na cire, na yanko sabon faranti na liƙa, aiki ya yi kyau kamar a lasa. Da na zo rufe ƙofar direba sai ta ƙi, ta sama tana dukan ginshiƙi ta ƙasa kuma yatsana biyu na shiga. Kwana huɗu ina fama da jak da sarƙa, ƙarshe sai da na sake yanke waldar da na yi duka. Mai motar har ya bar garin nan da igiya yake ɗaure ƙofar in zai hau babban titi, Allah Ya yafe mana.

Sannan walda kar a ja ta dogon layi a faranti mai laushi, zafi zai murɗe shi. Ɗigo nan, a tsallaka can, a bari ya huce. Tankin mai kuma a cire shi a kai nesa kafin a kunna komai, ko da shekara ashirin ya yi ba mai a ciki, ban yarda da tanki ba.

AbuHanifa_PZ ya amsa:

Hhhhh mutumin da sunansa Dogo shi ne zai rage wa mota rufi. Malam in ka gama sai ka cire hula ka ajiye a kujerar gefe ka tuƙa da gwiwa a haɓa. Ni dai shawarata ka gyara Datsun ɗin nan yadda take ka sa ta haya, buhun masara bai san gayu ba. Kuma ka shirya amsa tambayoyin jami'an binciken motoci a hanya.

Injiniya_Kongo ya sake amsawa:

AbuHanifa wasa yake amma maganar hular gaskiya ce, su kansu Amurkawan da yawa kujerar a daɓe suke ajiye ta, katako da ɗan soso kawai, ƙafa a miƙe.

Na manta ban faɗa ba, abin da ke cin lokaci ba yankan ba ne, ƙananan abubuwan da ke biyo baya ne. Injin bai sauka ba amma bonet ya sauka, to akwai yiwuwar murfin iyakilina ya doki bonet. Lagireto ma haka. Bangon da ke tsakanin injin da ƙafar direba sai an yanke shi an gyara, ramin da giyabos da furofela ke bi sai an ɗaga shi, sandar sitiyari kusurwarta za ta canza tunda akwatin sitiyarin a casis yake, ga fedar birki da kuloci da tukunyar man birki da ke jikin bangon nan duk sun sauko tare da bodi. Tayoyin gaba in ka karya kan mota za su iya gugar madigadi. Kuma taka a-kori-kura ce, in ka sauke kai ka bar baya layin jikin ba zai haɗu ba, dole bayan ma a ɗaga daɓensa, ka ga wurin kaya ya rage zurfi. Birki da sitiyari dai kar ka ba ɗan koyo, rai ne a wurin.

Dogon_Samaru ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba MaiWalda Allah Ya ƙara girma, wallahi da ban yi tambayar nan ba 504 ɗin zan fara yankewa don ita ta fi min kyau. Ɗazu bayan la'asar na kori kajin na shiga Datsun ɗin da tef ɗin tela na Umma, na zauna yadda zan tuƙa, tsakanin kaina da rufi inci 3 da ɗan wani abu ne ba hula, kuma sosan kujerar ya riga ya mutu. Kenan in na sauke inci 4 sai dai in zauna a ƙasa. Na leƙa ƙarƙashi kuma da tocilan, casis ɗin ta wajen tayar baya ta hagu tsatsa ta ci shi, na sa sukundireba ya shige.

Baba_MaiWalda_Sabongari ya amsa:

To ka ga aikin farko kenan, ba a ɗora gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Ka kwance notin bodin, ku samu mutum shida ku ɗaga kan motar ku ajiye a kan durom, a wanke casis ɗin a bi shi da guduma daga gaba har baya a ji inda ke ƙara da inda ya yi shiru. In ya gyaru sai a yi maganar inci 2 ko 3 da kujera mara tsayi. Notin nan tun yau ka fara zuba musu baƙin mai safe da yamma, don wanda ya shekara arba'in bai motsa ba ba zai kwance maka ranar farko ba.