Ɗan da ya wuce 18 kuma ba ya gida: zai samu zaman dindindin a Birtaniya?

Wani uba da ke aiki a Ingila ne ya kawo maganar. Lokacin neman takardar zaman dindindin ya yi, amma ɗansa ya kai shekara 20, yana jami'a a wani gari. Za a haɗa da shi ko kuwa?

Masu shawara suka ce a fara duba yadda ɗan ya shigo ƙasar. In tun yana ƙasa da 18 aka ba shi biza a ƙarƙashin iyayensa, ana ta sabunta ta haka, girmansa ba ya hana. Abin da ma'aikatar cikin gida ke dubawa shi ne ko ya tsaya da ƙafarsa. Aure na rufe ƙofar. Zaman wajen gida saboda karatu na cikakken lokaci kuwa doka ta amince da shi.

A nan aka fi jan hankali, kuma ina ganin da gaskiyarsu: takarda ke magana. Wasiƙar jami'a, takardar hayar ɗakin ɗalibai, bayanan banki da ke nuna kuɗin da uba ke turawa duk wata, da wasiƙun da har yanzu ke zuwa adireshin gida.

Ɗan zai kuma zauna jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, tambaya 24, sai ya ci 18, ga shaidar iya Turanci.

Wanda ke waje bai taɓa samun bizar ba har ya wuce 18, hanyarsa ƙunci ce, sai rashin lafiya ko naƙasa mai buƙatar kulawar kullum. Shi kam, aka ce, ya ga lauyan shige da fice kafin ya biya ko sisi.