Shawarwarin da aka tattara kan gubar feshi da jini

Propanil maganin kashe ciyawa ne a gonar shinkafa. Idan ya shiga jiki da yawa, jini ya kan kasa ɗaukar iska: leɓe ya yi shuɗi, numfashi ya yi sama-sama, jinin da aka ɗiba ya koma launin cakulan. A garzaya asibiti da robar maganin a hannu, don likita ya ga sunansa.

Wani nau'in maganin ɓera kuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma sai bayan kwana biyu ko uku dasashi ya fara zubar da jini. Bitamin K ake bayarwa.

Manja da madarar da ake ɗura wa wanda ya sha guba, ɓata lokaci ne kawai. Kada a sa shi amai. A cire masa tufafin da ya yi feshi da su, a wanke shi da sabulu.