Furfura na ƙaruwa, makin wasan ces (chess) na hawa: ku fa?

Tela, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 54. Da wasan dame na tashi, ban san ces ba sai da na haura 40. A Lichess, shafin buga ces na intanet, na daɗe ina fama a maki 1300, bana ga ni a 1700. Ɗana ya ce ai ƙwaƙwalwa tsufa take yi, kamata ya yi a ce ƙasa nake yi. Akwai wanda ya ga irin wannan a kansa?

Tsohon direban trotro, Nima: Wa alaikumus salam. Ni ma haka, amma ba wayo na ƙara ba, garaje na rage. Da, in na ga doki a sake sai in cafke, ashe tarko ne. Yanzu hannuna na kan kofin ataya sai na gano abin da mutumin yake ƙullawa. Wasan minti uku kuwa na bar wa yara, yatsunsu sun fi nawa. Na minti 15 nake bugawa bayan Asuba.

Malamar lissafi, Madina: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a duba wane maki ake magana. A watan Maris na 2024 FIDE, hukumar ces ta duniya, ta yi wa duk wanda makinsa a wurinta ke ƙasa da 2000 ƙari: kashi 40 cikin 100 na tazarar da ta rage masa. Na kwanta da 1500 na tashi da 1700, ko allon ban taɓa ba. Manyan 'yan wasa kuma galibi da ƙuruciya suke kai ƙololuwa. Carlsen, tsohon zakaran duniya, yana da shekara 23 ya kai 2882 a 2014. Wanda ya fara a makare shi ke da sauran wurin hawa.

Tela, Aboabo: Malama, FIDE ba ta ma san da zamana ba!

Alhaji mai ritaya, Sabon Zongo: 'Yata, kin yi gaskiya, sai dai Anand, shi ma tsohon zakaran duniya, ya kai 2817 a 2011 yana da 41, Korchnoi kuma ya kara da Karpov kan kambun duniya a 1978 yana da 47. Ni lokaci ne ban da shi a da. Da na ajiye aiki na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, duk wasan da aka ci ni sai in rubuta inda na kauce. Shafi nawa na cika kafin in gane cuta ɗaya ce: da na ga na yi gaba sai in saki jiki. Jikata ta haddace salon buɗe wasa kamar karatun allo, a nan ba na ja da ita. Musayar sarauniya nake nema, in ja ta ƙarshen wasa, inda haƙurinta ke ƙarewa.

Tsohon direban trotro, Nima: Alhaji, a littafin nan akwai shafin ɗauke wuta? Jiya saura taku biyu in kashe sarkin wani, waya ta mutu, maki ya tafi.